Sojojin da Aka Binne Ba Suna

Duk wanda ya taɓa ganin hoton maƙabartun yaƙi na Ingila da ke arewacin Faransa da Beljiyam zai tuna fararen duwatsun nan da aka jera sahu-sahu kamar masallata, ciyawa a aske, furanni a gindin kowanne. Tsayinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, ba wanda ya wuce ƙugun mutum. A saman dutsen akwai tambarin rundunar mamacin, sai lambarsa da muƙaminsa da sunansa, sai ranar da ya mutu, sai alamar addininsa. Can ƙasa an bar wa iyalinsa ɗan fili su rubuta abin da ke ransu, muddin bai wuce harafi 66 ba. Janar da farabiti suna kwance kafaɗa da kafaɗa, dutsen wannan bai fi na wancan ko da ɗan yatsa ba.

Tsarin nan yana da mafari. Wani Bature mai suna Fabian Ware ya je fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross, ya ga yadda ake binne samari a gefen rami, kwana kaɗan igwa ta tashi wurin, kabari ya ɓace. Shi ya tsaya kai da fata har aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Ingila a 1917, wadda tun 1960 ake kira hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila. Alkawarin da ta ɗauka a fili yake: duk wanda ya mutu a ƙarƙashin tutar Sarkin Ingila za a rubuta sunansa, a dutsen kabarinsa in an san inda yake, a bangon tunawa in ba a ga gawarsa ba, ba tare da duban muƙami ko dukiya ko launin fata ko addini ba. Masu hali a Ingila sun yi ta ƙorafi, suna son su kwaso gawawwakin 'ya'yansu zuwa gida, ko su gina musu abin da ya fi na 'ya'yan talakawa. Maganar ta kai majalisa a watan Mayun 1920, aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa kowa ɗaya ne. Yau hukumar tana kula da sunayen mutum miliyan 1.7 a wurare kusan 23,000, cikin ƙasashe sama da 150.

To, a bar Turai a gangaro Voi, wani gari a Kenya da ke kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin Mombasa da Nairobi. A nan ma akwai maƙabartar hukumar, da shinge, da duwatsu masu suna, ana sharewa ana ba shuke-shuke ruwa. Turawa ne a ciki. 'Yan Afirka da suka mutu a yaƙi ɗaya, a asibitocin gari ɗaya, suna bayan shinge, cikin ƙaya da ciyawa, ba abin da zai nuna wa mai wucewa cewa mutane yake takawa. Wannan wuri yana cikin waɗanda ɗan majalisar Ingila David Lammy ya nuna wa duniya a wani shiri da tashar Channel 4 ta watsa a watan Nuwamban 2019. Shirin ya dogara ne a kan binciken Farfesa Michèle Barrett, wadda ta shafe shekaru tana karanta tsofaffin wasiƙun hukumar. Abin da ta tono ya nuna cewa ba mantuwa aka yi ba. An zauna, an yi shawara, an rubuta, an sa hannu. A wasu wuraren an san kaburburan 'yan Afirka, an san wanda ke ciki, amma aka yanke a bar daji ya cinye su, mutanen kuma aka sa su a lissafin waɗanda suka ɓace.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukumar ta kafa kwamiti na musamman, ya miƙa rahotonsa a watan Afrilun 2021. Ya ce mutum 45,000 zuwa 54,000, galibinsu Indiyawa da 'yan gabashi da yammacin Afirka da Misrawa da Somaliyawa, an tuna da su amma ba yadda aka tuna da Turawa ba. Ya ce wasu aƙalla 116,000, watakila ma su kai 350,000, galibi 'yan gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, wasunsu ma ba a yi musu komai ba sam. Rahoton ya ambaci tsadar aiki da ƙarancin takardu, amma bai ɓoye tushen abin ba: wariyar launin fata da ta ratsa tunanin masu mulkin mallaka na wancan zamani. Ranar 22 ga Afrilu, ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya miƙe a majalisa ya nemi gafara. Firaminista Boris Johnson shi ma ya ba da haƙuri.

A sake duba tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu, 116,000 da 350,000. Mutum sama da dubu ɗari biyu ne a tsakani, waɗanda ba a ma iya cewa sun mutu ko ba su mutu ba. Wannan tazara kaɗai ta isa shaida a kan yadda aka ɗauki ransu tun suna numfashi.

Su wane ne waɗannan mutane? Akwai sojoji masu riƙe bindiga, amma mafi yawa 'yan dako ne. A gabashin Afirka, inda aka shekara huɗu ana bin kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck daga daji zuwa daji, ba hanyar mota, ƙudan tsando kuma yana kashe dawaki da alfadarai cikin makonni. Saboda haka kan ɗan Adam ya zama motar yaƙi. Shi ke ɗaukar harsashi, da buhun shinkafa, da sassan igwa, da marar lafiya a kan makara, da tantin hafsa da akwatinsa. Ingila ta ɗebi kusan mutum miliyan ɗaya don wannan aiki, kusan dubu ɗari suka mutu, yawanci ba da harsashi ba, da yunwa da atuni da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau babbar kasuwar Darussalam sunanta Kariakoo, akwai kuma unguwar Kariokor a Nairobi, duka biyu daga sunan rundunar 'yan dakon aka samo su, domin a nan ne aka riƙa tara su. Bakin jama'a ya riƙe abin da dutse ya ƙi riƙewa. Abin da hukumar ta yi musu shi ne mutum-mutumin tagulla a Darussalam da Mombasa da Nairobi a ƙarshen shekarun 1920, sojan da ba kowa ba, yana tsaye a madadin dubbai, ba suna ko ɗaya a jikinsa.

Namu ma suna ciki, kuma wannan ne ya sa maganar ba ta baƙi ba ce a wurinmu. Rundunar da Ingila ta kafa a yammacin Afirka a ƙarƙashin Lugga tun 1897, da Hausa ake ba da umurni a ɓangarenta na Nijeriya, ko da kurtun Bayarabe ne ko Batibi ko Babarbare. Harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo aka harba shi a watan Agustan 1914, kuma wani sojan rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, mai suna Alhaji Grunshi ne ya ja kunamar. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Banyo da dutsen Mora, wanda Jamusawa ba su sauko daga kansa ba sai a watan Fabrairun 1916. Daga nan aka loda su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, inda damina ta rutsa da su a bakin kogin Rufiji a 1917, abinci ya yanke, yunwa ta yi musu ɓarna, sannan a watan Oktoba suka faɗa gumurzun Mahiwa, ɗaya daga cikin mafiya muni a wannan fage. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa Nijeriya ta ba da sojoji kimanin 17,000 da 'yan dako kimanin 35,000. An kafa wa sojojin duwatsun tunawa masu sunaye a Zariya da Lakwaja da Ibadan da Kalaba. Wannan ya fi abin da aka yi wa mutanen gabas, amma suna ne a bangon da ke nesa da kabari, alhali hafsan da ya faɗi tare da su yana da dutsensa a kansa. 'Yan dako kuwa, akasarinsu ko wannan ba su samu ba.

Me ya sa? Amsar tana cikin wasiƙun da aka tono. A 1923, Gwamnan Gwalkwas, Gordon Guggisberg, ya shaida wa hukumar cewa ɗan ƙasa na gama-gari ba zai fahimci dutsen kabari ba, ba kuma zai san darajarsa ba, don haka mutum-mutumi ɗaya ya wadatar. Wannan fa gwamna ne da har yau ake yaba masa a Gana saboda makarantar Achimota da asibitin Korle Bu da tashar jirgin ruwa ta Takoradi. Idan mai sauƙin cikinsu haka yake gani, sai a auna na sauran. Wani babban jami'in hukumar, Arthur Browne, ya amsa masa da cewa watakila nan da shekara ɗari biyu ko uku, in 'yan ƙasa sun ƙara wayewa, za su ji daɗin ganin an kafa wa nasu duwatsu. Wani jami'i a gabashin Afirka tun 1920 ya rubuta cewa yawancin matattun rabin mutanen daji ne, ba su damu da kabari ba, kashe kuɗi a kansu ɓarnar dukiyar gwamnati ce.

A nan ne muhawarar ta fi ɗaukar hankalina, domin akwai masu kare hukumar da ke cewa ai maganar Guggisberg ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma na ji wasu namu ma suna faɗin haka. Suna cewa, shin mu muna kafa wa matattunmu duwatsu? Gaskiya ne, ba ma yi. Ka shiga maƙabarta a Kano ko Katsina ko Damagaram, abin da za ka gani tudun ƙasa ne, da fasasshiyar tukunya ko guntun ice a wajen kai, wani lokaci ɗan allon ƙarfe da rana ta kusa cinye rubutunsa. Bayan damina biyu ko uku tudun ya kwanta, sai mai gadin maƙabarta da 'ya'yan mamacin ne za su iya nuna maka wurin. Malamai sun hana gini a kan kabari, attajiri da almajiri likkafani ɗaya. Daidaiton da Ware ya sha wahalar kafawa a 1917, mu mun daɗe da shi.

Amma wanda ya tsaya a nan bai san abin da mutuwa take nufi a gidan Bahaushe ba. Idan mutum ya rasu, abu na farko shi ne sanarwa: wane ɗan wane ya riga mu gidan gaskiya. Da wannan sanarwar ake yin salla, a zauna makoki, a yi sadaka, matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, a san marayu marayu ne, in an haifi jika a mayar masa da sunan. Duk wannan a kan suna da labari ya rataya. Mutumin da hakimi ya miƙa wa Di'o, aka ɗora masa kaya, ya faɗi a bakin Rufiji aka tura shi rami ba wanda ya rubuta ko shi wane ne, ba dutse kaɗai aka hana shi ba. An hana uwarsa ta san ranar da za ta daina kallon hanya. An bar matarsa a rataye, ba ita ga aure ba ita ga takaba. Hukuncin da aka fi sani a fiƙihun Malikiyya shi ne matar wanda ya ɓace ta kai magana gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Shekara huɗu na zaman jiran mutumin da tuni ƙasa ta rufe idonsa. Da an tambayi dattawan kowane ƙauye a ƙasar nan, da wataƙila sun ce a bar dutsen, amma ba wanda zai ce a bar sunan. Ba a tambaye su ba.

Kuma hujjar addini da al'ada tana rushewa da zarar an koma Turai. A Neuve-Chapelle ta Faransa an rubuta sunayen Indiyawa sama da 4,700 a bango. Leburorin Sin da aka kai Faransa suna da duwatsunsu a Noyelles-sur-Mer, kowa da lambarsa. Baƙaƙen Afirka ta Kudu sama da 600 da suka nitse da jirgin ruwan Mendi a watan Fabrairun 1917, akasarin sunayensu suna bangon Hollybrook a Southampton. A maƙabartar Faransawa ta Douaumont kusa da Verdun akwai kaburburan Musulmi kusan 600, suna fuskantar alƙibla, da rubutun Larabci a kansu. Amma a Basra ta Iraƙi, bangon tunawa ya kawo sunayen Turawa da na hafsoshin Indiya, dubun-dubatar ƙananan sojojin Indiya kuwa sai aka ce runduna kaza, mutum kaza. Mutanen iri ɗaya ne, addininsu ɗaya, yaƙin ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne wurin: inda idon Bature zai gani an cika alkawari, inda ba zai gani ba an yi tsimi.

Hujja ta biyu ita ce ta rashin takardu. Ana cewa ba a rubuta sunayen 'yan dako tun farko ba, yaya za a sassaƙa abin da babu? Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. Ko sojojin da aka rubuta, sau da yawa sunan yanka ne da sunan gari, irin su Audu Kano ko Garba Katsina, yadda magatakardan bariki ya ji a kunnensa, wani ma ba sunansa na gaskiya ya bayar ba don ya gudo ne daga ubangida ko daga haraji. Sai dai rundunar da ta iya ƙirga harsashi da bargo da buhun gishiri, ta kuma san wanda za ta yanke wa albashi in ya yar da kaya, ba za ta ce rubuta sunan mamaci ya gagare ta ba. Tun da hukumar ta sa masu bincike suka shiga ɗakunan ajiyar takardu a ƙasashen Afirka bayan 2021, dubban sunaye sun fito daga cikin fayilolin da aka ce babu. Ashe nema ne ba a yi ba.

Hujja ta uku ta fi nauyi, kuma daga cikinmu take fitowa. Mai ita yana cewa: wai su wa ake so mu yi wa kuka? Ba rundunar Lugga ce ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903 ba? Ba ita ta shiga Sakkwato a watan Maris ba, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi ta kashe shi a watan Yuli? Ba ita ta share Satiru daga doron ƙasa a 1906 ba, inda aka kashe mutum kimanin 2,000? A Nijar kuma, ba baƙaƙen sojojin Faransa ne suka bi Voulet da Chanoine a 1899 suna ƙone garuruwa, har Birnin Ƙonni da Lugu ta Sarauniya Mangu ba? Turawa 'yan kaɗan ne a waɗannan yaƙe-yaƙe, hannun da ya riƙe bindigar baƙi ne. Me zai sa mu nemi a jera sunayensu kusa da na iyayen gijinsu?

Ba na raina wannan magana, domin duk abin da ta lissafa ya faru. Amma ina ganin ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Rubuta sunan mamaci ba kirari ba ne, ba kuma wanke daular da ta yi amfani da shi ba ne. Shaida ce cewa mutum ne, an ɗauke shi daga wuri kaza, ya mutu a wuri kaza. Hasali ma sunayen su ne ƙarar da ta fi ƙarfi a kan mulkin mallaka, domin daular da ta ce ta zo wayar da kai ba ta son a ga tsawon jerin waɗanda ta kashe da dako. Sannan a tuna yadda aka same su. Tun 'yan sandan Glover na Legas a 1863, waɗanda sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa, da yawansu bayi ne da suka tsere suna neman mafaka. A lokacin yaƙi kuma, Razdan ne ke yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa hakimi, hakimi ya yanka wa dagaci, dagaci ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Labarin Chari Maigumeri ya ishi misali: ya yi wa Jamus yaƙi a Kamaru har ta ba shi lambar yabo, Ingila ta kama shi, ya sa kakinta, ya yi mata yaƙi a gabashin Afirka, daga baya a Habasha da Bama. Shi ya yi sa'a, akwai bariki da sunansa a Lakwaja. Dubban da suka bi irin wannan hanya tuta ce kawai ta sauya a kansu, ba su suka zaɓa ba. Mutanen Burmi da na Satiru kuwa, haƙƙinsu a wuyanmu yake, ba a wuyan Landan ba, kuma tuna waɗancan ba ya rage musu komai.

A ɓangaren Faransa ciwon ya ma fi zurfi. Rundunar da ake kira ta 'yan Senigal, wadda aka kafa a 1857, ba 'yan Senigal kaɗai ba ne a cikinta, akwai 'yan Mali da Gini da Burkina da Nijar da sauransu. Kusan 200,000 aka ɗiba a yaƙi na ɗaya, kimanin 30,000 ba su dawo ba. A 1924 an kafa musu gunkin tunawa a birnin Reims, da ɗan'uwansa a Bamako. Da sojojin Hitila suka ci Faransa a 1940 sai suka tumɓuke na Reims, ba a buɗe kwafinsa a hukumance ba sai a 2018. A yaƙi na biyu, daga Cadi a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué ne Faransa mai 'yanci ta fara samun ƙasar da za ta taka a Afirka a 1940, kuma baƙaƙen sojoji ne ƙashin bayan rundunar da ta ci Kufra a 1941. Amma da nasara ta ƙarato a 1944, sai aka janye baƙaƙe daga fagen daga, aka miƙa kakinsu da bindigoginsu ga samarin Faransa. Wasu da suka yi zaman fursuna a hannun Jamus aka dawo da su sansanin Thiaroye kusa da Dakar. Da suka nemi a biya su bashin albashinsu kafin su watse zuwa garuruwansu, sai aka buɗe musu wuta da safiyar 1 ga Disamban 1944. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu, wata takardar soja ta ce 70, masana tarihi da dama suna ganin sun kai 300 zuwa 400. A maƙabartar Thiaroye akwai kaburbura 202, ba suna a kan ko ɗaya. Sai a watan Nuwamban 2024, bayan shekara 80, Shugaba Macron ya rubuta wa Shugaba Bassirou Diomaye Faye ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

Wanda aka yi wa rowar suna bayan ya mutu, an riga an yi wa ɗan'uwansa rowar haƙƙi yana raye. Takardun da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa a rundunonin Ingila na gabashin Afirka, ladan sallama bayan yaƙi na biyu sule goma ne ga farabiti Bature a kan kowane watan aiki, baƙi kuwa sule uku da sisi. A Akra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano don kai kukansu ga gwamna, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Faransa kuma ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka da dokar 1959, aka bar su a kan tsohon kuɗi shekara da shekaru, ba a fara gyara na sosai ba sai bayan fim ɗin Indigènes ya tayar da ƙura a 2006.

Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi yaƙin Bama. Lambobinsa suna cikin wani tsohon gwangwanin alewa, a naɗe da ƙyalle, ba ya fito da su sai ranar 'yan mazan jiya. In muka taru a ƙofar gidansa da yamma, mu labarin Japanawa da macizai da ruwan sama muke so. Shi kuwa duk inda labarin ya zagaya sai ya dawo kan lissafi. Zai lanƙwasa yatsa ya kira suna da gari, ya faɗi kogin da aka bar shi, ya ce Allah ya jiƙansa, ya lanƙwasa na gaba. Yakan cika hannu biyu ya sake farawa. Ba wanda ya taɓa kawo takarda ya rubuta, har da ni. Ranar da aka kai shi makwancinsa, da shi da sunayen aka rufe.

Sojojin yaƙin Bama ma sun fi na yaƙin farko sa'a, domin a can hukumar ta rubuta sunayen 'yan yammacin Afirka, a kaburbura da kuma bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, mai ɗauke da suna kusan 27,000. Amma mu a gida me muka riƙe? Mun riƙe sunayen wuraren. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, duka daga fagen Bama suka zo. Kullum ana kiran su a tashar mota, amma ɗalibi nawa ne zai iya faɗin mutum ɗaya da ya faɗi a can? Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a gaban sojan da ba a san sunansa ba, a saki tantabaru, a watse.

Gyaran da aka fara ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Delville Wood ta Faransa, inda Afirka ta Kudu ta daɗe tana tuna fararenta kaɗai, an ƙara bango a 2016 aka jera sunayen duka matattunta bisa tsarin haruffa, ba fari ba baƙi. A watan Janairun 2025 hukumar ta buɗe sabon wurin tunawa a birnin Cape Town, inda aka kafa ginshiƙan icen loko sama da 1,700, kowanne da sunan lebura ɗaya da ranar mutuwarsa. Jikoki da tattaɓa-kunne sun zo sun dafa icen da ke ɗauke da sunan kakansu. Shekara ɗari ta wuce, amma sun zo, kuma zuwansu ya amsa wa Guggisberg.

Ingila da Faransa su buɗe duk takardun da ke hannunsu, su biya kuɗin neman sunayen, wannan bashi ne a kansu. Amma akwai rabon aikin da ba wanda zai yi mana. Akwai fayilolin lardi a ɗakin ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai takardun fadojin sarakuna, akwai sassan tarihi a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Mai karatu, in a gidanku akwai tsohuwar da ke cewa wani ƙanen kakanta ya tafi yaƙin Jamus ko na Bama bai dawo ba, ka je wurinta a wannan makon da takarda da alƙalami. Ka rubuta sunansa, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da sarkin da ke kan gado a shekarar da aka tafi da shi.